Ƙofar Garinmu da Gorar Sarkin Magina

Ni na zana ƙofar garinmu ta farko, wadda aka rushe. Na fara da wannan ne domin har yau in maganarta ta taso a majalisa, mutane sukan yi mini kara. Wani ya ce ai laifin direba ne, wani ya ce na ɗan kwangilar hanya ne, sai a sako wata hira. Karar tana da daɗi, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Yanzu furfura ta fito, ga yara masu tasowa a sana'ar nan suna shigowa ofishina da zane irin wanda na yi a lokacin, suna murna irin wadda na yi. Shi ya sa na ga gara in zayyana abin yadda ya faru, ko wani ya shafa wa gemunsa ruwa.

Garin namu ba babba ba ne, kasuwarsa ce babba. Ranar da take ci, tun asuba motoci ke kwararowa, masu hatsi, masu shanu da awaki, masu harawa da karan dawa da aka yi wa lodi har sai ka rasa gane ina mota take, ina kaya suke. A shekarun nan ne yayin ƙofa ya shigo. Duk garin da ya samu ƙaramar hukuma ko ya ɗan yi arziki sai ya kafa wani abu a bakin hanya, ta waje a rubuta barka da zuwa, ta ciki a rubuta Allah ya kiyaye hanya. Maƙwabtanmu, waɗanda dama abokan wasanmu ne, suka riga mu, suka kuma hana mu sakat da zolaya, wai baƙo yakan wuce garinmu bai san ya shiga gari ba. Ƙungiyar ci gaban gari ta ɗauki abin da zafi, aka kafa gidauniya. Malaman makaranta suka yarda a yanki wani abu a albashinsu, mahauta suka kawo nasu, 'yan tasha suka kawo, har mata masu fura da nono sai da suka jefa abin da ya sawwaƙa. A riƙe wannan a rai, domin kuɗin da na yi wasa da su ke nan.

Ni kuwa na gama bautar ƙasa ke nan, ni ne ɗan gari na farko da ya karanta zanen gine-gine a jami'a. Ba wanda ya damu da bambancin mai zane da injiniya. Injiniya kawai ake kirana, ni ma ban taɓa gyara wa kowa ba.

Tun muna makaranta akwai hoton da ya zauna mini a kai. Na gan shi ne a wata tsohuwar mujalla a laburare: bakan nan na birnin St. Louis a Amurka, wanda suke kira Gateway Arch, tsaye a gaɓar Kogin Misisipi, yana ƙyalli kamar an lanƙwasa takobi an kafa shi a ƙasa. Tsayinsa ƙafa 630, wato mita 192, faɗinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan ma ƙafa 630. Eero Saarinen, haifaffen ƙasar Finlan, shi ya zana shi. Abin da ya fi burge ni shi ne inda siffar ta samo asali. Ka riƙe sarƙa ta bakinta biyu ka bar ta ta rataya, za ta yi wani lanƙwaso nata na kanta, wanda kowace gaɓa take jan 'yar'uwarta. In ka juya wannan lanƙwaso ya koma tsaye, jan ya zama turi, kowane yanki ya danne na ƙasa da shi, nauyin ya bi jikin ginin ya gangara har cikin harsashi. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya rubuta wannan tun 1675. Da aka ce in kawo zanen ƙofa, ko minti ɗaya ban yi ina tunanin wata siffa ba.

A zauren mahaifina na yi aikin. Na kafa ƙusa biyu a jikin falankin katako, na rataya sarƙar ɗaure akuya, na bi ta da fensir, na juya falankin. Yaran unguwa suka cika ƙofar zaure suna kallo kamar ina tsibbu. Da na je gaban kwamiti na ce musu wannan bakan gizo ne irin na kakanninmu, na sa masa rigar zamani. Maganar ta shige su, amma ni na san talla ce. Bakan gizon magina na cikin ɗaki ne, azara ake jerawa wata kan wata daga bango biyu har su haɗu a sama, a lulluɓe da ƙasa, ya ɗauki rufin soro. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ya ga iyakar gwanintar. Nawa kuwa kankare ne da rodi, an ɗauko daga hoton mujalla.

Ga awon da na ba shi: mita 12 tsakanin ƙafa da ƙafa, mita 7 daga kwalta zuwa ƙoli. Faɗin kwaltar mita 7.3 ne, kamar sauran hanyoyi masu hannu biyu. A takardar na ja kibiya tun daga ƙasa har sama, daidai tsakiya, na rubuta 7.0 da manyan lambobi. A ƙarƙashin bakan na zana 'yar ƙaramar mota da wani mutum cikin babbar riga yana ɗaga hannu. Takardar tana nan a wurina har yanzu, nakan fito da ita in nuna wa ɗalibai in ce su gaya mini abin da babu a ciki. Da wuya a samu mai ganowa da wuri. Babu babbar mota. Garin da gingimari ke ciyar da shi, na zana masa ƙofa ban zana gingimari ba.

Wani abokina injiniyan gaske ya yi mini lissafin rodi da kaurin kankare, kuma ya yi aikinsa da kyau. Bai taɓa zuwa garin ba, abin da na aika masa shi ya lissafa.

Aka haƙa harsashi, aka zuba. Kafintoci suka ɗaure katakon da za a zuba kankaren baka a ciki, suka tokare shi da itatuwa ta gefe, siffar ta fito sarai. Saura kwana uku a zuba, da hantsi, sai ga Sarkin Maginan garin ya taho. Dattijo ne da ya haura saba'in, shi ya gina zauren Hakimi da rabin sorayen cikin gari, amma tun da siminti ya shigo aka daina nemansa sai yaɓe da gyaran katanga. An sa shi cikin kwamiti ne don girmamawa, ba ya ko magana a zama. Ran nan ya zo riƙe da wata doguwar gora, an ɗaura mata jan ƙyalle kusa da kai.

Muka gaisa, na ɗan rusuna. Ya ce, "Injiniya, ranar kasuwa na je tasha, na sa yara sun auna mini motar da ta fi kowace lodi. Ga inda ta tsaya." Ya nuna ƙyallen.

Na yi dariya na ce, "Baba, ai ko an ɗora wata motar a kanta za ta wuce. Mita bakwai ne fa." Na karɓi gorar na je tsakiyar hanya na tsayar da ita. Tsakanin ƙyallen da katako kuwa sarari ne mai yawa, ya fi tsayin mutum. Leburori suka yi shewa.

Bai ce komai ba. Ya karɓi gorarsa ya taka a hankali zuwa gefen kwalta, inda tayar waje take bi, ya tsayar da ita a can. Ƙyallen ya wuce, amma abin da ya rage tsakaninsa da katako bai fi yatsu huɗu ba. Ya ce, "Ɗana, mota ba ta bin tsakiya. Ƙofar taka kai gare ta, ba ta da kafaɗa. Mota kuwa kafaɗa gare ta."

Duk karatun da na yi, babu malamin da ya taɓa bayyana mini aibin baka a kan hanya da gajeriyar magana irin wannan. Baka yana da tsayi a wuri ɗaya ne tak, daga nan sai gangarowa. Mita 7 ɗin da nake taƙama da su suna kan layin da ya raba hanya biyu, inda ba mai bi. A gefen kwalta tsayin bai kai mita 5 ba, in mota ta ɗan sauka gefe kuwa ya gaza mita 4. Lissafin minti biyar ne, kuma na iya shi. Ban yi ba ne kawai.

Na ce, "To ai ga shi ta wuce, Baba."

Ya ce, "Yau ta wuce. Hanya girma take yi. Dubi gidajen bakin titi, da can hawa ake yi a shiga zaure, yanzu gangarawa ake yi. Duk gyara sai an ƙara mata ƙasa."

Na ce akwai dokar da ta ƙayyade tsayin lodi, ba a yin gini don masu karya doka. Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya sa dokar ta biyo ta hanyar nan." Ya jingina gorar a jikin wata bishiyar darbejiya ya tafi.

Na sha tambayar kaina abin da ya hana ni tsayar da aikin a ranar. Dalilai na waje suna nan birjik. An biya kafintoci, an sayi rodi an lanƙwasa, an sa ranar buɗewa washegarin Sallah, an aika wa manyan baƙi takarda. Amma in zan faɗa tsakanina da Allah, ba waɗannan ba ne. A gaban leburori ya faɗa, shi ne kawai. Da a zaure ya kira ni mu biyu, wataƙila da na saurara. Na ga in na yarda, gobe labari zai cika gari cewa tsoho da gora ya kayar da mai digiri. Na zaɓi in tsare sunan Injiniya, aka zuba kankare.

Ranar buɗewa an yi taro na gani na faɗa. Algaita da ganguna, dawaki, 'yan makaranta a jere. Hakimi ya kama hannuna ya ɗaga a gaban jama'a, mahaifiyata ta yi kuka. Abokan wasanmu suka zo suka kalla suka rasa abin cewa. Aka buga hoton ƙofar a kalanda, kuma gaskiya ta yi kyau, musamman da yamma in rana ta faɗo ta bayanta. Ni ma nakan tsaya nesa in yi ta kallonta. Ashe hangen Dala nake yi.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni aka ba da kwangilar gyaran hanyar. Aka zuba jar ƙasa, aka zuba dutse, aka shimfiɗa sabuwar kwalta, hanya ta tashi kusan taki biyu. Na wuce ta wurin ana aikin, maganar tsohon ta faɗo mini, na kawar da ita kamar ƙuda. Daga nan alamu suka fara fitowa. Ka ga harawa ta maƙale a jikin baka tana reto, ka ga baƙin zane inda ƙarfen bodi ya goga. Direbobi suka koyi bi ta tsakiya, in biyu suka haɗu ɗaya ya jira, ranar kasuwa har wani ɗan kamasho yakan tsaya yana ba su hannu. Ƙofar da aka gina don maraba ta zama wurin cunkoso da zage-zage. Me na yi da na ga zanen nan? Na aika mai fenti ya shafe. Sau biyu. Kuskuren farko ana iya cewa ƙuruciya ce da rashin sani. Wannan kuwa da sanina na yi, kuma shi ya fi ci mini rai.

Da kaka abin ya faru, ranar kasuwa, bayan la'asar. Wata gingimari ta ɗauko buhunan masara, aka ɗora harawa a kai, yaron motar ya hau can sama ya zauna ta gefe, ya ba iska baya saboda ƙura. Shekarunsa ba su wuce sha shida ba. Suna isowa ƙofa sai ga tankar mai ta taho ba ta da niyyar tsayawa. Direba ya kauce gefe, abin da kowane direba zai yi. Kankare ya daki yaron a kafaɗar hagu ya wurgo shi ƙasa. Allah ya yi da sauran kwana: wani ƙunshin harawa ya riga shi faɗowa, a kansa ya sauka. Hannun ya karye wuri biyu, ƙashin wuya ma ya karye.

Washegari Hakimi ya tara mu a fada. Aka ce Injiniya ya yi bayani, na kuwa yi, da baki mai daɗi. Na ce lodin ya wuce ƙa'ida, kuma an hana ɗaukar mutum a saman kaya. Na ce ɗan kwangila ya ɗaga hanya bai tuntuɓi kowa ba. Duka gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya a ciki, sai dai na jera su ne don su tare wata gaskiyar. A garin aka haife ni, a saman irin wannan lodi ni kaina na sha zuwa ƙauyen kakannina. Na san yadda ake lodi, na san inda yaran mota suke zama.

Sarkin Magina yana zaune a gefe, kansa a sunkuye. Hakimi ya ce, "Sarkin Magina, ko kana da abin cewa?" Gabana ya faɗi. Ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, Injiniya ya gama magana." Aka tashi a kan za a ja wa direbobi kunne.

Da ya tona ni a wurin, ina jin da na samu abin riƙewa, in yi fushi, in ce hassada ce. Rufin asirin da ya yi mini shi ya hana ni barci.

A cikin makonnin nan na koma makarantarmu, na shiga laburaren, na nemi duk abin da aka rubuta a kan bakan St. Louis. Shekara da shekaru ina ɗauke da hotonsa, ban taɓa karanta labarinsa ba. Abu na farko da na gano ya sa na ajiye littafin na riƙe kai: babu hanyar da ta bi ta ƙarƙashinsa. Ciyawa ce shimfiɗe tsakanin ƙafafunsa, gidan tarihi kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Ƙofa ce ta tunawa, an kafa ta ne don tarihin yadda Amurka ta faɗaɗa zuwa yamma bayan Shugaba Jefferson ya sayi yankin Luwiziyana daga Faransa a 1803. Mutane a ƙafa suke zuwa, su shiga wasu 'yan ƙananan taragu masu kujera biyar-biyar da ke hawa ta cikin ƙafafun, su leƙa birni da kogi ta tagogin da ke ƙoli. In ban da wasu matuƙa ƙananan jiragen sama da suka yi kasadar ratsawa duk da an hana, ba abin hawa da ya taɓa bi ta cikinsa. Siffar ta dace da aikinta ɗari bisa ɗari. Ni ne na ɗauko ƙofar da aka yi don ido na dasa ta a kan hanyar kasuwa. Zanen aro dama ba ya rufe katara.

Sai kuma na ga irin haƙurin da aka yi kafin a kafa shi. An yi gasar zanen ne a 1947 zuwa 1948, zane 172 aka shigar. Har akwai wani abin dariya: da sakamakon zagayen farko ya fito, sai aka aika wayar taya murna ga mahaifinsa, Eliel Saarinen, wanda shi ma ya shiga gasar, gida ya yi ta murna, daga baya aka gano ɗan ake nufi. To daga cin gasar zuwa fara ginin shekara 15 aka yi. Rashin kuɗi yana ciki, amma akwai kuma rigimar layin dogo da ya ratsa tsakanin filin da kogi. Abu ɗaya da yake wucewa ta wurin ke nan, kuma Saarinen ya tsaya kai da fata sai an san yadda aka yi da shi, har aka mayar da layin cikin rami. Shi kansa bai ga ginin ba, ya rasu a 1961, aka fara aiki ranar 12 ga Fabrairu, 1963.

Awon da suka yi shi ya fi ba ni kunya. Ƙafafun biyu daban-daban aka riƙa ɗora su, gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa mai kusurwa uku, faɗin gefenta ƙafa 54 a gindi, tana tsukewa har ta koma ƙafa 17 a ƙoli. Fatar waje ƙarfe ne da ba ya tsatsa, ta ciki ƙarfe na yau da kullum, an cika tsakaninsu da kankare har zuwa ƙafa 300. Injinan ɗaga kaya a jikin ƙafafun suke hawa, gini na tashi suna bin sa. Tunda dole ƙafafun su haɗu a sama, kuskuren da aka yarda da shi a gindi bai wuce kashi ɗaya cikin 64 na inci ba. Da dare suke yin awo, domin zafin rana yana sa ƙarfe ya miƙe ya ɓata lissafi. Ranar 28 ga Oktoba, 1965, da za a sa gunduwar ƙarshe, rana ta riga ta gasa ƙafar kudu ta ƙara tsawo, sai da 'yan kwana-kwana suka zo da mesa suna feshe ta da ruwa, aka sa jak aka buɗa ƙafafun, sannan gunduwar ta zauna. An yi hasashen ma'aikata 13 za su mutu a aikin, ba wanda ya mutu.

Ban ce waliyyai ba ne. Sun share unguwa guda ta bakin kogi kafin su samu filin, kuma a 1964 sai da wani baƙar fata mai suna Percy Green ya hau jikin ginin don nuna fushi kan yadda aka hana irinsu aikin gwaninta a wurin. Amma ta fuskar awo, mutanen da suka yi la'akari da abin da rana za ta yi wa ƙarfe, ni na kasa la'akari da abin da gingimari za ta yi a ranar kasuwa, alhali an kawo mini awonta har inda nake tsaye.

Daren da na dawo, bayan isha'i, na je gidan Sarkin Magina. Na tarar da shi a zaure yana jin rediyo. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo ne in ce ka faɗa mini, ban ji ba."

Ya rage muryar rediyon ya ce, "Ni ai na sani, kai ma ka sani. Inda ka ƙulla maganar, can za ka je ka kwance ta."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya shiga ba ni labarin yadda mahaifinsa ya koya masa aiki. Ya ce in za a yi ƙofar zaure, tambaya ta farko ita ce me zai shiga: mai gidan yana da doki? Jaki zai shiga da mangala? Ya ce ƙofofin birni ma haka aka yi su, daidai raƙumi da kayansa, a tsuke da gangan don kada mahara su shigo a jere, ga sarkin ƙofa yana rufewa da dare. Na tuna kuwa a Kano da mota ta zo sai da aka huda ganuwa aka yi Sabuwar Ƙofa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a 2010 kuma aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi aka sake ta da siminti. Ƙofar da ta yi ɗaruruwan shekaru ma in abin da ke wucewa ya fi ƙarfinta, ita ke ba da hanya, balle tawa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na nemi iso a fada. Na ce, "Ranka ya daɗe, bayanin da na yi ran nan da saura." Na faɗi zuwan Sarkin Magina da gora, na faɗi amsar da na ba shi, na faɗi fentin da na sa aka shafa. Wurin ya yi tsit. Shugaban ƙungiya, wanda shi ya fi kowa tsaya mini, ya ce, "Haba Injiniya! Kuɗin masu fura fa?" Ban da amsa, har yau kuma ban samu ba.

Wasu suka ce a bar bakan, a gitta ƙarfe kafin a iso shi don a tare dogayen motoci. Shugaban 'yan tasha ya ce in an tare su, ta ina hatsi zai fita? Kasuwar za a tare ke nan, su koma ta maƙwabta. Magana ta ƙare a kan rushewa. Kwana tara aka yi ana fasa shi, domin ƙarfi kam ya yi, abokina bai yi ha'inci a rodi ba. Ina tsaye aka yi, samari suna wucewa suna kirana Mita Bakwai. Sunan ya bi ni shekaru, kuma ayyuka biyu da aka yi mini alkawari a ƙaramar hukuma suka bi ruwa.

Na je duba yaron a gidan mai ɗori. Na gaya wa mahaifiyarsa ko ni wane ne da abin da na yi. Ta ce, "Ƙaddara ce, ɗan nan, Allah ya riga ya rubuta." Mun yi imani da ƙaddara, amma ita ce ke da ikon faɗin haka a wannan ɗaki. A bakina da ta zama mafaka. Na ɗauki kuɗin magani da abincinsa har ya tashi, wanda ba komai ba ne in aka gwada da hannu.

Ƙofa ta biyu tare muka yi ta da Sarkin Magina, ban karɓi ko kwabo ba, kuma wata-wata nake sayen siminti daga aljihuna har aka gama. Na kawo shawarar a gitta miƙaƙƙen kankare can sama sosai. Ya ce, "Nawa za ka ɗaga shi? Hanyar ba ta gama girma ba. Bar saman a buɗe, ba mai bugun ta." Muka yi ginshiƙai biyu, kowanne ya ja baya sosai daga gefen hanya, da zankwaye a kai da zanen dagi a jiki, rubutun maraba a kan ginshiƙan. Ba ta kai ta farko kyau a hoto ba, ba a kuma taɓa sa ta a kalanda ba.

Tun daga nan, duk kwamitin da ya zo mini da maganar ƙofar gari, kafin in taɓa fensir sai na je na wuni a bakin hanyar ranar kasuwa, in sa a auna mini motar da ta fi lodi, in tambayi masu kula da hanyar ko akwai gyara a gaba. Motar nake fara zanawa, guda biyu kafaɗa da kafaɗa, da mutum zaune a sama, sannan in zana ƙofa ta kewaye su. Ku kuma 'yan kwamiti, in mai zane ya nuna muku lamba ɗaya a tsakiyar baka, ku ce ya rubuta muku ta gefen kwalta, kuma ku kira shugaban tasha da tsohon maginin garin su zauna a wurin lokacin da zai amsa.

Sarkin Magina ya rasu shekara huɗu bayan gama ƙofa ta biyu, Allah ya jiƙansa. Gorar tana ofishina, ƙyallen ya koɗe ya koma fari-fari. An sake ɗaga hanyar sau biyu tun daga lokacin. Yaron kuwa yanzu magidanci ne, yana tuƙa motar kansa, duk ranar kasuwa yana wucewa ta tsakanin ginshiƙan nan. Hannunsa na hagu har yau ba ya miƙewa duka.